Yadda za ka karanta tsohon hoton basaraken Turai

In ka taɓa tsayawa kallon hawan sallah a Argungu ko Birnin Kebbi ka san ba sai an nuna maka sarki ba, alkyabba da laima da dogarai sun gama magana. To da wanga idon za ka kalli tsoffin hotunan manyan Turai da anka buga kafin zuwan kyamara. Farantin tagulla ake karcewa da ɗan ƙarfe mai tsini, a cusa tawada cikin layukan, a danna takarda a kai, faranti guda ya fidda ɗaruruwan kwafi, shi ya sa wanda bai taɓa taka fada ba ma ya san kamannin mai gida.

Ka shiga intanet ka nemo na Louis na 14, sarkin Faransa, wanda Hyacinthe Rigaud ya zana a 1701 daga baya Pierre Drevet ya sassaƙa shi kan tagulla. Kada ka fara da fuska, fara da kaya. Dubi ƙatuwar alkyabbar da ke jan ƙasa, cikinta farin gashi mai ɗige-ɗigen baƙi, fatar wata 'yar dabba ce da Turawa ke kira "ermine", kayan sarauta ne zalla. Ka ja hoton ya girma a waya, wallahi nan ne nake tsayawa in daɗe, don ba launi ko ɗaya amma da layuka kawai Drevet ya bambanta laushin gashi da sheƙin takobi da nauyin labule.

Sannan hannu. Sandar mulki sarkin ya juya ta ƙasa ya dogara a kai kamar ta yawo, kambi kuma ba ya kansa, yana ajiye gefe kan matashi, wai ko babu shi ka san waye. Yana da shekara 63 lokacin amma ƙafafun na saurayi ne.

In ka ga sulke da gajeriyar sanda a wani hoton, shugaban mayaƙa ne. Sarƙa a wuya mai ɗan rago rataye kuwa lambar girma ce da anka kafa tun 1430.

Sai ka sauko ƙasan takardar, nan tambarin gidansu da jerin sarautunsa suke. A kusurwa akwai ƙananan rubutu, sunan da "pinxit" ke biye da shi na mai zane ne, "sculpsit" na wanda ya karce tagullar.