Kwanbata da giyar otomatik a a-kori-kurar da aka yi wa ƙari: gano matsala da gyara ta

Duk a-kori-kurar da aka sa wa manyan tayoyi, ko aka ƙara wa injinta ƙarfi ta kwamfuta, ko ake ja da ita tirelar da ta fi ƙarfinta, giyabos ne ke fara jin jiki. A cikin giyabos ɗin ma kwanbata ce kan gaba. Ita ce tukunyar ƙarfen nan da ke tsakanin inji da giya, cike da mai. Farfela ɗaya tana juyawa da inji tana watsa mai, ta biyu tana karɓar man ta juya sandar giya, ƙarama a tsakiyarsu kuma tana juya akalar man, abin da ke ninka ƙarfin inji kusan sau 2 lokacin tashi. Akwai kuma kuloci a ciki wanda ke ƙulle ɓangarorin biyu idan mota ta miƙe hanya. Muddin wannan kuloci bai kama ba, mai ne ke ɗaukar nauyin, kuma zafi yake tarawa.

Man giya yana son digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyos. Da ya haura 120 sai ya fara ƙonewa, robobin sil su ƙandare, fatar kuloci ta fara marmashewa.

Ga yadda taya ke kawo wannan. Motar da ta fito da taya inci 31 da giyar aksil 3.73 (wato sandar juya ƙafafun baya ta juya sau 3.73 kafin taya ta juya sau ɗaya), idan aka sa mata inci 35, tamkar an mayar da aksil ɗin 3.30 ne. Inji zai riƙa nishi a giyar sama, kulocin kwanbata ya kama ya saki, ya kama ya saki, musamman a hawa. Ƙarin ƙarfin inji kuwa, musamman na dizal, yana zuwa ne a ƙaramin juyi, daidai inda matsin mai bai kai ya danne kulocin sosai ba. Sai ya riƙa zamewa a ɓoye. Kowane giyabos da inda ya fi rauni: a 4L60E kulocin giya ta 3 da ta 4 ne ke fara ƙonewa, a 68RFE kuma kulocin giyoyin sama.

Kafin ka kwance komai, fita da motar. Riƙe ta tsakanin kilomita 60 da 80 a awa, ƙafa a kan totur kaɗan. Idan ta fara karkarwa kamar kana tafiya a kan tsakuwa, taɓa birki da ƙafar hagu a hankali ba tare da ka saki totur ba. A yawancin motoci wannan na sakin kulocin kwanbata. Karkarwar ta tsaya nan take? To kwanbata ce ko man giya. Idan ta ci gaba, duba falogi, nozul ko sandar juya ƙafafun baya. Motar da injinta ke mutuwa duk lokacin da ka tsaya, mai yiwuwa kulocin kwanbatarta ne ya maƙale a ƙulle.

Sai na'urar binciken kwamfutar mota, wadda ke nuna lambobin matsala. P0741 na nufin kulocin yana zamewa ko ya ƙi kamawa, P0742 ya maƙale a kame, P0740 matsalar waya ce ko solanoyid, wato bawul ɗin lantarki da ke sakar wa kulocin mai, P0218 kuma mai ya yi zafi fiye da kima. Amma lambobin kaɗai ba su isa ba. Buɗe bayanan da ke gudana ka kwatanta juyin inji da juyin sandar giya lokacin da kuloci ke ƙulle. Bambancin bai kamata ya wuce 'yan gomomi a minti ba. Idan kana ganin 200 ko 300 da zarar ka taka totur, fatar ta tafi.

Akwai gwajin danne birki: a sa wa tayoyi waigi, a danne birki sosai, a sa D, a taka totur har ƙasa, a karanta juyin inji. Kada ya wuce daƙiƙa 5, sannan a bar ta a N na minti ɗaya ta huce. Juyin da ya gaza abin da littafin motar ya ce yana nuna ƙaramar farfelar tsakiya ta daina riƙewa, ko inji ya yi rauni. Wanda ya zarce kuwa, kulocin cikin giya ne ke zamewa.

Yanzu sauke kwanon mai ka dube shi da kyau a haske. Laushin toka-toka a jikin maganaɗisu ba abin damuwa ba ne. Baƙaƙen ɓarɓashi kamar garin gawayi da warin ƙuna, fatar kuloci ce. Ƙyalƙyalin ƙarfe na nufin boris ko famfon mai sun fara cin kansu, kuma a nan canjin mai ba zai yi komai ba, sai an kwance giyabos. Mai da ya koma launin madara ja-ja, ruwan lagireto ne ya shiga ciki. Idan kwanon tas yake kuma karkarwar sabuwa ce, gwada sabon mai da filta, irin wanda kamfanin ya rubuta kawai, ko Dexron VI, ko Mercon LV, ko ATF+4, ko Toyota WS. Ka tuna sauke kwano bai cika fitar da rabin man ba, sauran yana cikin kwanbata.

Wajen sa sabuwar kwanbata ne ake yawan yin ɓarna. Zuba mata kusan lita 1 na mai, shafa wa wuyanta da sil ɗin famfo mai, sannan ka tura ta kana juyawa har ka ji ta faɗa sau biyu ko uku. Faɗawar ƙarshe ita ce shigarta cikin famfo. Bayan giyabos ya zauna a jikin inji, ya kamata ta juya da hannu, kuma a sami tazarar milimita 3 zuwa 5 tsakaninta da faifan bayan inji. Idan ba tazara, ba ta zauna ba. Kada ka taɓa jawo giyabos da ƙarfin notuna, famfo zai fashe tun a tashin farko. Duba faifan kuma ko ya tsage a kewayen ramukan noti.

Na'urar sanyaya mai da tiyoyinta a wanke su sosai, ko a canza su gaba ɗaya idan an ga ƙarfe, domin dattin da ya kwanta a can zai dawo ya cinye sabon kayan. Auna gudun man a tiyon dawowa: kusan lita 1 cikin daƙiƙa 20.

Saura abin da ya jawo matsalar tun asali. Ga taya inci 35, mayar da aksil 4.10, ko 4.56 idan ana jan kaya, kuma a mota mai ja da ƙafa huɗu dole gaba da baya su zama iri ɗaya. Gyara girman taya a kwamfuta don giya ta riƙa canzawa a kan lokaci. Injin da aka ƙara wa ƙarfi yana buƙatar kwanbata mai kuloci faifai biyu ko uku, tare da ɗaga matsin mai a kwamfutar giya. Ƙara na'urar sanyaya mai a gaban lagireto, da gejin zafi a gaban direba. Goge tsohon abin da kwamfutar giya ta koya, ka yi tafiyar farko ba kaya, sannan ka sake auna mai yana da zafi, inji na aiki, mota a shimfiɗaɗɗen wuri.