Darasi na 6: Maida janareta daga fetur zuwa gas

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 fetur ya fi ƙarfin mutane da yawa, shi ya sa masu shago da magidanta suka koma ta da janareta da gas ɗin girki. Abin yana yiwuwa, amma fa ba kowane janareta ba.

Ƙaramin nan da ake zuba mai fetur haɗe da baƙin mai, wanda ake ce wa "I pass my neighbour", a bar shi yadda yake. Man da ake haɗawa cikin fetur ɗin shi ke shafe injin, in ka sa mai gas babu abin da zai shafe shi, sai ya ci kansa. Wanda ake canzawa shi ne mai wurin baƙin mai daban.

Makanike zai cire kafireton da ya zo da injin ya ɗaura wani mai shan fetur da gas duka, sannan ya haɗa tiyo da regileta zuwa tukunyar gas, mafi yawa mai kilo 12.5 ake amfani da ita. Don Allah kar ka ce za ka yi da kanka, kuma kar ka yarda a sa maka tiyon ruwa ko a ɗaure bakinsa da roba, tiyon gas daban yake kuma da maɗaurin ƙarfe ake matse shi.

Toh in an gama, tun makaniken bai tafi ba ka kaɗa omo a ruwa ya yi kumfa, ka buɗe tukunya ka shafa a duk inda aka haɗa, bakin regileta da bakin kafireto, ka tsaya ka zuba ido, in ka ga kumfar tana tasowa tana ƙwai-ƙwai to gas na tsiyaya a nan, rufe tukunyar a sake ɗauri. Ba a gwadawa da ashana, wallahi an rasa rayuka ta haka. Shi gas ya fi iska nauyi, in ya zubo ƙasa yake kwanciya ya taru a lungu, sai ya jira tartsatsi kawai.

Tukunya a tsaye take zama, a inuwa, nesa da salansa. Janaretan kuma a waje, don hayaƙinsa yana kisa ko da gas yake sha, kar a shigar da shi ɗaki ko zaure saboda tsoron ɓarayi.

Ƙarfinsa zai ɗan ragu kaɗan, sai ka rage mai kaya. In za ka kashe, fara rufe tukunyar ka bari ya shanye na cikin tiyo ya mutu da kansa.

Aikin gida: rubuta sunan wurare biyu da ake shafa kumfa, sannan ka faɗa wa na kusa da kai dalilin da ya sa ba a sa wa ƙaramin janareta gas.