Yadda ake tura intanet ta wayar wutar lantarki, da inda abin yake cijewa

Duk sanda aka tada maganar intanet ta wayar wuta sai ka ga mutane sun rabu biyu, wasu su ce ai zuƙi ta malle ce ta 'yan talla, wasu su ce su kam da ita suke aiki kullum a gida. Kuma fa dukansu suna da gaskiya, don ba abu ɗaya suke nufi ba. Akwai wanda kamfanin wuta zai kawo maka intanet tun daga kan falwaya har cikin ɗaki, wannan an gwada an sha wuya an haƙura. Akwai kuma na cikin gida, wanda dama kana da intanet ɗinka, so kake kawai ka kai shi wani ɗakin ba tare da fasa bango ko jan kebul ba, toh wannan yana aiki, amma sai in wayarin ɗin gidan ya yarda.

Yadda abin yake shi ne, wutar da ke cikin soket tana kaɗawa sau 50 ko 60 ne kacal a daƙiƙa, ita kuma na'urar da ake sokawa a soket, wato adafta, sai ta ɗora nata sigina a can sama, tsakanin megahaz 2 zuwa 30, wato kaɗawa sau miliyan 2 zuwa 30 a daƙiƙa, sababbin ma har 86, don haka waya ɗaya ce amma kowa da hanyarsa. Na'ura ta biyu da ke ɗayan ɗakin sai ta tace wutar ta ɗauki saƙon. Shi ke nan fa.

Kafin ka sayi komai ka gane cewa na'urar nan ba ta kawo intanet. Da yawa suna zaton in sun soka ta a bango data za ta fara zuba, ina! Dole kana da rauta mai aiki, wato akwatin da ke raba intanet a gida, ita adaftar jigila kawai take yi daga rauta zuwa inda waifai ya kasa kaiwa, kamar ɗakin sama ko bayan katanga mai kauri.

Guda biyu ake sayarwa a kwali ɗaya, irinsu TP-Link da Devolo da Netgear duk suna yi. Ka duba tsarin da suke bi, don iri biyu ne kuma ba sa jin yaren juna, akwai HomePlug akwai G.hn, in ka haɗa wannan da wancan haka za su zauna kowa na kallon kowa. HomePlug ɗin farko na 2001 gudunsa megabit 14 ne a daƙiƙa, samfurinsa AV na 2005 ya kai 200, sai AV2 a 2012. Lambar da aka buga ƙatuwa a jikin kwali, 600 ko 1000 ko 2000, kar ta ruɗe ka, in ka samu kashi ɗaya cikin uku a gidan gaske ka yi sa'a. Abin haushi ma wasu an rubuta musu 600 amma ramin kebul ɗinsu iyakarsa megabit 100, ka ga ai lissafin bai ma tashi ba, don haka ka juya kwalin ka karanta ƙananan rubutun. In da hali ka ɗauki mai soket a gabanta, don ba za ta cinye maka wurin soka wani abu ba, kuma tana tace ƙazantar duk abin da ka jona a jikinta.

Haɗawar kam ba wuya. Ka fara soka su duka biyu a ɗaki ɗaya kusa da rauta, kar ka yi saurin kai ta biyun can nesa, don in abu ya ƙi ba za ka san ko na'urar ce ko wayarin ba. Ka jona ta farko da rauta da gajeren kebul ɗin da ya zo a kwalin, ka danna botin da aka rubuta Pair a jikinta, sannan kafin minti 2 ka danna na ɗayar. Za ka ga fitilar tsakiya tana ƙyaftawa, in ta tsaya cak sun gaisa. Sai ka zare ta biyun ka kai ta ɗakin da kake so, ba ta mantawa, ka jona kwamfuta ko talabijin, in mai waifai ce kuma wayar hannu ma za ta kama.

Yanzu ne aikin gaske. Ka auna gudun intanet a jikin rauta kai tsaye, sannan ka auna a can ɗakin, ka auna da rana ka sake da dare lokacin da aka kunna komai na gidan, don abin da yake tashi kamar jirgi da hantsi yana iya koma rarrafe bayan magariba. In ka ga ya faɗi sosai kar ka yanke hukunci tukuna, canza soket, wani sa'in soket biyu a bango ɗaya amma bambancinsu kamar ba gida ɗaya ba, saboda kowanne da layin da ya bi zuwa akwatin bireka.

Abin da ya fi kashe ta shi ne estenshin, musamman mai kare kaya daga hawan wuta, don shi a wurinsa siginan nan ƙazanta ce, shanye ta yake. Haka sitabilaiza da UPS. A bango kai tsaye, ba wani tsani. Bayan wannan sai hayaniyar kayan wuta, caja mai arha, ƙwan LED mara kyau, firji in ya tashi, injin wanki, duk suna watsa ƙara cikin wayar, sai abin ya zama kamar kana hira kusa da injin da ke ruri, ana ji amma sai an yi ta maimaitawa, maimaicin nan shi ne jinkirin da kake gani. Dabarar kama ɓarawon mai sauƙi ce, ka dinga zare kaya ɗaya bayan ɗaya kana aunawa, sau tari wata 'yar caja ce da ba ka ɗauke ta a bakin komai ba. In gidan fes uku ne kuma ɗakunan ba fes ɗaya suke ba, sigina zai yi rauni ko ya ɓace, in wani sashen a kan inbata yake daban nan ma haka. Su AV2 masu babbar lamba da waya ta uku suke ƙara gudu, wadda ake kaiwa ƙasa, in soket ɗinka ba ta da ita kuɗin banza ka biya.

Sai tiransfoma, wadda siginan ba ya iya tsallake ta, kuma ita ce ta fara karya wancan babban mafarkin na kawo intanet ta falwaya. A Amurka tiransfoma ɗaya gidaje kaɗan take ɗauka, kenan kowace sai an ɗaura mata na'urar tsallakarwa, ga na'urorin ƙara ƙarfi a kan hanya don sigina yana gajiya da wuri, kuɗi ya yi ta tafiya. Na biyu, wayar falwaya ba a yi ta don saƙo ba, tsirara take ba rufi ba murɗi, sai ta zama wata doguwar eriya tana fesa hayaniya daidai inda rediyon gajeren zango yake. Hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta fitar da dokokin abin a 2004, ƙungiyar masu rediyon sa-kai ARRL, wato masu magana da juna ta rediyo don sha'awa, ta kai ta kotu, a 2008 kotu ta ce hukumar ta koma ta sake duba aikinta. A Ingila kamfanonin Nortel da United Utilities sun gwada a Manchesta, zuwa 1999 sun naɗe tabarma. Kamfanin wuta RWE na Jamus ya fara a 2001 ya fita a 2002. Garin Manassas a jihar Bajiniya ta Amurka shi ne aka yi ta nunawa a 2005 a matsayin garin da aka game duka, a 2010 suka kashe. Kafin su gama gyare-gyare DSL, wato intanet ta layin tarho, da faiba da intanet ɗin wayar hannu sun yi musu nisa. Abin da ya tsira shi ne ƙaramin saƙo, irin karatun mita, kamfanin wuta Enel a Italiya tun 2001 yake karanta miliyoyin mitoci ta wayar wuta, mitar Linky ta Faransa ma haka, don 'yan lambobi ne ba bidiyo ba. Ni dai duk wanda ya zo min yau da zancen zai raba wa gari guda intanet ta falwaya, tambayata ta farko me zai yi da tiransfoma.

Wannan matsalar eriya ba ta bar na cikin gida ba fa. Masu ƙerawa suna toshe zangon masu rediyon sa-kai, amma in kana sauraren gajeren zango ka kunna rediyo kusa da soket lokacin da ake sauke babban fayil, in ka ji shuuu da ƙaraf-ƙaraf toh ita ce, ko ka matsar da rediyon ko ka zaɓi ɗaya.

Kuma tunda tiransfoma ce take tare siginan da gaske, mita ba lallai ta tare shi ba, a gidan haya mai hawa-hawa yana iya leƙawa wurin maƙwabci. Na'urorin suna kulle saƙo da tsarin ɓoye bayani mai suna AES mai bit 128, amma da yawansu da makulli iri ɗaya suke fitowa daga kamfani, shi ya sa ko ka soka su ka ga sun kama da kansu ka daure ka danna botin nan, shi ne zai ba su makullin da ku kaɗai ke da shi.

In ka canza soket, ka zare cajoji, ka rabu da estenshin amma fitilar tana nan ja ko tana ɗaukewa, kar ka ɓata lokaci da sayen mai babbar lamba, wayarin ɗin ne ya ƙi. Ka mayar da ita tun kwalin bai yage ba, ka ja kebul ɗin intanet na gaske ta gefen bango, shi yana kai mita 100 ba ruwansa da firji.