Koyon Tuƙi da Karɓar Lasisi: Mota Mai Giyar Hannu ko Otomatik?

Duk wanda ya ƙudiri aniyar koyon tuƙi yana da shawara ɗaya da ya kamata ya yanke tun kafin ya biya kuɗin darasin farko, wato irin motar da zai koya da ita: mai giyar hannu, wadda direbobi ke kira manuwal, ko kuwa otomatik, wadda ke sauya giya da kanta. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan zaɓi batun jin daɗi kawai, alhali a ƙasashe da dama motar da mutum ya yi jarrabawa da ita ce ke fayyace irin motocin da doka za ta ba shi izinin tuƙawa bayan ya ci.

Saboda haka matakin farko shi ne ka binciki dokar ƙasar da za ka karɓi lasisi a cikinta, kuma ka nemi bayanin daga hukumar da ke bayar da lasisin, kada ka tsaya ga jita-jitar direbobi. A Birtaniya, wanda ya ci jarrabawa da otomatik ba shi da izinin tuƙa mota mai giyar hannu shi kaɗai har sai ya sake yin jarrabawar tuƙi da irinta, amma wanda ya ci da mai giyar hannu yana iya tuƙa duka biyun. A ƙasashen Tarayyar Turai ana rubuta lamba 78 a jikin lasisi domin nuna wannan taƙaitawa. Japan ta fito da lasisin otomatik zalla tun 1991, Afirka ta Kudu ma tana rubuta irin wannan sharaɗi a kan lasisi. A Amurka kuwa lasisin ƙaramar mota bai bambanta tsakanin su biyun ba, sai dai wanda ya yi jarrabawar manyan motocin kasuwanci da otomatik ana taƙaita masa lasisinsa. A Ostareliya kowace jiha da nata tsarin. Inda ake yin wannan bambanci, abin da aka fi dubawa shi ne ko motar tana da kuloci da ake takawa da ƙafa, don haka motar da ke ba direba damar sauya giya da yatsu a bayan sitiyari, matuƙar ba ta da kuloci, otomatik ce a wurin doka. Motocin lantarki ma a wannan rukuni suke.

Bayan ka san dokar, sai ka dubi motar da za ka riƙa tuƙawa a zahiri cikin shekara ɗaya ko biyu masu zuwa. Idan motar da ke hannunka ko wadda za ka iya saya mai giyar hannu ce, ko kuma kana neman aikin da ya ƙunshi tuƙa motocin ma'aikata da na ɗaukar kaya, to magana ta ƙare, da ita za ka koya. Idan kuwa motar da ke jiran ka otomatik ce ko ta lantarki, ko kana da lalurar da ke hana ka amfani da ƙafar hagu yadda ya kamata, ko kana bukatar lasisin cikin gaggawa, babu aibi ko kaɗan a zaɓar otomatik, kuma kada ka saurari masu cewa wanda bai iya taka kuloci ba bai iya tuƙi ba. A ganina, wanda ba shi da wani dalili mai ƙarfi ta kowane ɓangare ya fi dacewa ya jure wa giyar hannu, domin ƙarin darussan da zai yi sau ɗaya ne, lasisin da zai samu kuwa zai buɗe masa dukkan ƙofofin biyu. Dokar Faransa ma ta amince cewa giyar hannu ta fi cin lokaci, inda mafi ƙarancin darasin tuƙi yake awa 20 ga mai koyo da giyar hannu, awa 13 kuma ga mai koyo da otomatik.

Idan ka zaɓi giyar hannu, ka fara da fahimtar abin da ƙafarka ke yi, domin yawancin wahalar masu koyo tana fitowa ne daga taka abin da ba su san aikinsa ba. Abubuwan takawa uku ne: kuloci a hagu, birki a tsakiya, totur a dama. Ƙafar hagu ta kuloci ce kaɗai, ƙafar dama kuma ita ke zirga-zirga tsakanin birki da totur. Kuloci shi ne ke haɗa inji da giyabos ko ya raba su. Idan ka taka shi har ƙasa, inji yana juyawa shi kaɗai ba tare da ya tura tayoyi ba; idan ka sake shi gaba ɗaya, sun haɗu ke nan. Tsakanin waɗannan biyun akwai wani ɗan wuri inda faifan kuloci yake fara kamawa, kuma gano wannan wuri shi ne rabin koyon giyar hannu. Za ka gane shi ta hanyar sauyawar ƙarar inji, wadda ke ɗan yin ƙasa, da kuma yadda motar ke fara yunƙurin motsawa.

Hanyar da ta fi sauƙi wajen sabawa da shi ita ce ka sami fili shimfiɗaɗɗe wanda ba ababen hawa, tare da malaminka a gefe. Ka taka kuloci har ƙasa, ka sa giya ɗaya, ka sauke birkin hannu, sannan ka riƙa ɗago ƙafar hagu sannu a hankali ba tare da ka taɓa totur ba, har motar ta fara rarrafe. Da zarar ta motsa sai ka tsayar da ƙafar a nan na ɗan lokaci maimakon ka sake ta gaba ɗaya, daga nan ka sake taka kuloci ka taka birki ka tsaya. Ka maimaita wannan har ƙafar ta riƙa zuwa wurin da kanta, sannan ka fara haɗawa da totur kaɗan. Motar za ta mutu a hannunka sau da yawa, kuma dalilin kusan kullum ɗaya ne daga cikin uku: ko ka saki kuloci da sauri, ko ka tsaya cak ba ka taka shi ba, ko ka yi ƙoƙarin tashi da giya uku kana zaton ɗaya ce. Idan ta mutu, ka riƙe birki, ka taka kuloci, ka tayar da ita, ka duba madubai da gefenka, sannan ka tashi. Ya kamata ka koyi wannan jeri kamar yadda kake koyon kowane darasi, domin ranar da za ta mutu maka a bakin danja da motoci a bayanka, shi ne zai hana ka ruɗewa.

Sauya giya yayin tafiya bai kai tashi daga tsaye wuya ba. Ka ɗaga ƙafa daga totur, ka taka kuloci, ka sauya, ka saki kuloci a hankali kana mayar da totur, kuma idonka na kan hanya, ba kan sandar giya ba. Kunne ne zai gaya maka lokacin: idan inji yana kuka da ƙarfi yana neman giya ta sama, idan kuma motar tana karkarwa tana nauyi to ka sauko. Abin da ya fi bukatar atisaye shi ne tashi a kan hawa. Ka ja birkin hannu, ka sa giya ɗaya, ka ba da totur fiye da yadda ka saba a shimfiɗaɗɗen wuri, ka kawo kuloci wurin kamawa har ka ji motar tana ja, sannan ka sauke birkin hannu. Sababbin motoci da yawa suna riƙe birki na ɗan lokaci da kansu a kan hawa, amma bai kamata ka dogara da wannan ba, tunda ba kowace mota ce ke da shi ba. Akwai kuma ɗabi'u biyu da ya kamata ka guje musu tun daga farko, domin da wuya a rabu da su idan an saba: ɗora ƙafa a kan kuloci alhali ana tafiya, wanda ke cinye faifan kafin lokacinsa, da kuma gangarawa da giya a firi, wato ba a sa kowace giya ba, ko da kuloci a take, wanda ke hana inji taimaka wa birki wajen riƙe motar.

Mai koyo da otomatik ya huta da duk wannan. Irin wannan giyabos ya fara yaɗuwa ne da tsarin Hydra-Matic na kamfanin General Motors a motocin Oldsmobile ƙirar 1940, kuma manufarsa tun lokacin ita ce a ɗauke wa direba aikin kuloci. Abubuwan takawa biyu ne, birki da totur, kuma dukkansu da ƙafar dama ake taka su. Ƙafar hagu ta zauna a mazauninta. A jikin giya za ka ga harrufa: P na fakin, R na ribas, N na firi, D na tafiya gaba. Ka riƙe birki kafin ka fita daga P, kuma kada ka sauya tsakanin D da R, ko ka shiga P, sai motar ta tsaya cak. Yawancin motocin otomatik suna fara tafiya a hankali da zarar an saki birki ko ba a taka totur ba. Wannan yana da amfani ƙwarai wajen fakin da cunkoso, amma yana nufin idan hankalinka ya tafi wani wuri ƙafarka ta sassauta, za ka taɓa motar da ke gabanka. Haɗari mafi muni shi ne taka totur a madadin birki, domin a mota mai giyar hannu irin wannan kuskure sau da yawa yakan ƙare da ihun inji ko mutuwar mota, a otomatik kuwa motar za ta zabura nan take. Maganinsa shi ne ka saba da barin ƙafa a saman birki duk lokacin da ba ka bukatar totur. A doguwar gangara kuma ka yi amfani da ƙaramar giya, wadda wasu motoci ke nunawa da L ko 2, domin kada birki ya yi zafi ya rage kamawa.

Sauƙin otomatik yana da tarko guda, wato mai koyo yakan iya motsa mota tun a darasin farko, sai ya ɗauka ya iya tuƙi. Motsa mota shi ne ƙaramin ɓangare. Babban aikin shi ne duba madubi kafin a sauya hannu ko gudu, ba da sigina a kan lokaci, auna saurin motar da ke tahowa kafin a shiga mahaɗar hanya ko shataletale, barin tazara, da lura da masu tafiya a ƙasa da masu babura. Waɗannan iri ɗaya ne a kowace mota, kuma a kansu ne masu jarrabawa suka fi sa ido. Wanda ya zaɓi otomatik ya kamata ya zuba lokacin da ya rage masa saboda ba ya koyon kuloci a cikin waɗannan, wanda ya zaɓi giyar hannu kuma kada ya nemi ranar jarrabawa sai sauya giya ya daina cin hankalinsa, ta yadda zai iya sauraron umarnin mai jarrabawa yana kallon hanya hannunsa na aiki shi kaɗai.

Tsarin karɓar lasisi ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma ginshiƙansa kusan ɗaya ne: cika shekarun da doka ta gindaya, gwajin ido, takardar izinin koyo, jarrabawar dokokin hanya, sannan jarrabawar tuƙi. Jarrabawar dokokin hanya ba ta da alaƙa da irin giya. A wajen jarrabawar tuƙi kuwa, ka yi ƙoƙari ka je da motar da ka koya da ita, musamman idan mai giyar hannu ce, domin wurin kamawar kuloci ya bambanta daga mota zuwa mota, kuma ranar jarrabawa ba ranar sabawa da baƙuwar mota ba ce. A Birtaniya jarrabawar tana ɗaukar kimanin minti 40, ana yafe ƙananan kurakurai har 15, amma babban kuskure ɗaya ko mai haɗari ya isa ya kayar da mutum. Mutuwar mota sau ɗaya a wurin da ba haɗari yawanci ƙaramin kuskure ake ɗaukar ta, matuƙar an tayar da ita cikin natsuwa. Abin da ke mayar da ita babba shi ne a tashi a firgice ba tare da an duba ko'ina ba, ko a bar motar ta koma da baya a kan hawa.

Wanda ya fara da giyar hannu ya ga kuloci ya tsaya masa a wuya bayan darussa masu yawa yana iya komawa otomatik, ya karɓi lasisi, ya sami gogewar hanya, sannan ya dawo wa giyar hannu daga baya, kuma a lokacin zai fi sauƙi domin abu ɗaya kawai ya rage masa ya koya. A Birtaniya sai an sake jarrabawar tuƙi, amma ba a sake ta dokokin hanya. A Faransa horon awa 7 a makarantar koyon tuƙi ya isa a cire taƙaitawar ba tare da sabuwar jarrabawa ba. Jamus kuma tun watan Afrilun 2021 ta ba da damar mutum ya yi jarrabawa da otomatik ya sami cikakken lasisi mai lamba 197, muddin ya yi aƙalla darussa 10 na minti 45 da mota mai giyar hannu, ya kuma yi gwajin tuƙi na minti 15 a gaban malaminsa. Kafin a cire taƙaitawar, tuƙa mota mai giyar hannu kai kaɗai saɓa doka ne, kuma idan haɗari ya auku kamfanin inshora yana iya ƙin biyan asararka.

Mai lasisin giyar hannu da zai hau otomatik karon farko ba ya bukatar wata takarda, sai dai ya kiyaye ƙafarsa ta hagu, wadda ta saba taka kuloci har ƙasa, domin idan ta nemi kuloci ba ta samu ba takan sauka a kan birki da ƙarfinta duka. Ya janye ta baya kusa da kujera, ya zagaya a wuri marar cunkoso na ɗan lokaci yana tsayawa yana tashi, sannan ya shiga babbar hanya.