Yadda Ake Miyar Wake da Kwakwa Irin ta Kudancin Indiya

Mutanen jihar Tamil Nadu suna kiran wannan miya kutu, kuma da ƙananan waken dal suke yin ta. Idan ba a samu ba, surfaffen farin wakenmu ya wadatar. A dafa kofi 1 da kurkum har ya narke, sannan a zuba kabewa da karas, waɗanda ba su da wuyar samu a kasuwar 'Yankaba da ke Kano.

Kwakwar ce ke buƙatar kulawa. A kankare rabin ƙwallo, a markaɗa da ɗanyen barkono, a zuba bayan kabewar ta nuna, a rage wuta, domin tafasa mai ƙarfi tana kashe ƙamshinta. A soya albasa a juye a kai, a ci da shinkafa.