Yadda Malamin Turanci Zai Amfana da Harshen Gida da na Titi

A aji guda na makarantar gwamnati a Kakuri ko Sabon Tasha cikin Kaduna za ka tarar da yaron da ke Hausa a gida, da mai Gwari, da mai Bajju, da mai Yarbanci. Da an kaɗa ƙararrawar tara kuwa, duk sai su haɗu a Hausa ko broka. Malamin da ya kafa dokar cin tarar duk wanda ya yi yaren gida, to ya toshe hanyar da Turancin zai bi ya shiga. Ga yadda za a juya lamarin.

Da farko ka san ajinka. A makon farko ka sa kowane ɗalibi ya faɗi harshen da yake yi da mahaifiyarsa, da wanda yake yi da abokai, da wanda yake ciniki da shi a kasuwa. Ka rubuta a allo. Yaran da kansu za su ga cewa sun daɗe suna sauya harshe gwargwadon wuri da mutum, ba tare da an koya musu ba.

Mataki na biyu shi ne ginshiƙin aikin, don haka ka ba shi lokaci. Ka fara da Hausa: yadda yaro zai roƙi biro wurin abokinsa, "kai, miƙo min biro", da yadda zai roƙi shugaban makaranta izini, ya ɗan rusuna ya ce "ranka ya daɗe, don Allah ku yi mini izini". Sai ka nuna musu cewa Turanci ma yana da waɗannan benaye. "Give me" na aboki ne, "could you please" na babba. A nan ne za ka warware wani abu da ke damun ɗan Bahaushe: mu muna da kai da ke da ku, muna girmama babba da ku, amma Turanci "you" kaɗai gare shi. Yaro yakan ji nauyin ce wa malaminsa "you", gani yake kamar raini ne. Ka fahimtar da shi cewa ladabin Bature yana cikin yadda aka gina roƙon. Masanin harshe na Amurka Dell Hymes ya daɗe da nuna cewa sanin nahawu kaɗai bai isa ba, sai mutum ya san me zai faɗa, ga wa, kuma a ina.

Na uku, ka tattara kura-kuran da asalinsu Hausa ne, ka daina ɗaukarsu dakikanci. Wanda ya ce "I am coming" alhali fita zai yi, "ina zuwa" ya ɗauko. Mai gaida ma'aikaci da "well done", "sannu da aiki" yake nufi. A Najeriya kowa ya gane, amma mai duba takardar WAEC ko NECO ba zai bari ba. Ka raba allo gida biyu: na titi a hagu, na jarrabawa a dama, ba tare da ka kushe ko ɗaya ba. Rikicin p da f kuwa, ka sa yaro ya riƙe takarda gaban baki: a p leɓɓa na haɗuwa takarda ta motsa, a f haƙori ne ke taɓa leɓen ƙasa.

In wani ya ce ai wannan ɓata Turanci ne, ka tuna masa cewa a 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta amince da harshen uwa a farkon firamare, kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya koyar da yara da Yarbanci shekara shida, Turancinsu bai gaza na sauran ba.

A ƙarshe ka ba da aikin gida na kunne. Kowa ya je Kasuwar Barci ko ya hau Keke Napep zuwa Kawo, ya rubuto jimla biyar da ya ji ana cakuɗa Hausa da Turanci. Ranar Litinin a karanta su a aji, a mayar da kowace zuwa Turancin wasiƙar neman aiki.