Yadda na raba motata da zafin inji

Tokumbo ce 'yar Jamus, ƙirar 2008, silinda shida da turbo biyu. Gudu kam ba a magana, amma wata huɗu tana cinye min albashi. Da na hau hanyar Daura, kafin in kai Mashi inji ya ɗau zafi, ta rage ƙarfi da kanta.

Bakanike na farko ya canza lagireto. Na biyu ya ce a cire tamostat (abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya yi zafi) a yar, wai ƙasarmu zafi gare ta. Na ƙi, don ba irin injin da ake yi wa haka ba ne.

Daga ƙarshe wani yaro a wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina ya jona mata kwamfuta. Minti goma ya ɗago ya ce, "Alhaji, famfon ruwanka ne." Ashe na lantarki ne, ba bel ke juya shi ba, shi ya sa yake mutuwa shiru, babu ƙara babu yoyo. Muka sa sabo dal tare da tamostat, aka zuba ruwan sanyaya inji maimakon na rijiyar da nake ɗura mata (laifina ne wannan), aka fitar da iska.

Jiya na je Daura na dawo da tsakar rana, allurar zafin inji ba ta motsa ba.